Kukan Motar da Baba Bai Ji Ba

Motar babanmu kat-kat ce, irin mai ja da ƙafa huɗu, kuma tsohuwa ce tun ranar da ta shigo hannunsa. Wasu masu aikin dasa itatuwa a wajen Keita ne suka gama cin ƙuruciyarta suka sayar. Da ita ya riƙe gida. Mutane a ciki, buhunan albasa a bisa, wani lokaci har da awaki a ɗaure, daga Madawa zuwa Buza, ran kasuwa kuma ta haura Keita ta wajen Garhanga. Hanyoyin nan dutse ne da gangare da ƙorama, babu motar da ke tsufa a kansu baki rufe. Kowace da irin kukanta, kuma a tashar Madawa an san Baba da sanin kukan mota. Direba zai zo ya ce masa tasa tana wani abu, sai ya shiga gefe ya ce a ja. Kafin su kai ƙarshen gari ya faɗi inda ciwon yake, ya sauka ya koma kan bencinsa.

Ni ban gaji wannan ba, domin ɗan fari ne ni. A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya zama hira da shi, shi ma ɗan ba ya ɗaga ido ya dubi fuskar uban. Ana yaye ni aka kai ni Galma wurin kakata, can na girma. In Baba zai yi zancena sai ya ce "mutumen Galma", kamar wani baƙo da ya taɓa rage wa hanya. Ƙanena shi ne na gaban mota tun yana ƙarami. Shi ya koyi tuƙi, shi ake aike, shi ake yi wa faɗa. Ni ko faɗan ban samu ba. Na koyi ɗinki, na buɗe shago a Madawa, na yi aure na tara iyali, duk gaisuwarmu ba ta wuce in durƙusa daga nesa ya amsa yana kallon wani wuri ba. Ko rigarsa wani tela yake kai wa, tunda awo sai an taɓa jiki. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, haka kowa yake da ɗan farinsa. Amma in na ce bai taɓa yi mini zafi ba na yi ƙarya.

Kunnensa ya soma tafiya a hankali. Siraran ƙararraki ne suka fara ɓace masa, irin kukan 'yan tsaki da ƙarar waya da muryar jikoki. Manya kamar rurin injin yana jin su, ko da kunne ko da jiki. Gaisuwa ba ta ba shi wahala, tunda kowa ya san abin da ke bin wani, sai dai wani lokaci ka tambaye shi ina makulli ya ce maka lafiya lau. Sauran magana a bakin mai yin ta yake karantawa, kuma da ma shi ba mai yawan surutu ba ne. A gida kowa ya gane, ba wanda ya furta.

Wata rana cikin bazara ƙanena ya zo shagona ya zauna a kan buhun tsummoki yana fifita da hula.

"Yaya, motar Baba na kuka," in ji shi. "Kowa na ji, har matan da ka zama baya. Cik-cik-cik, awa ɓera cikin rumbu. An hwaɗa mai, yac ce babu komi."

"Kai ba ka duba ba?"

"Yaushe ya bar ni? Na duƙa ƙarƙashi yak kore ni. Yanzu shugaban tasha ya ce ba a loda ta ran kasuwar Keita sai an gano kukan. Kuma mutane sun hwara zancen kunnenai. In sunka tabbata, sun hidda shi layi ke nan."

Ya ƙara da cewa da Baba zai ba shi makulli da magana ta ƙare. Ba mugunta ce ta sa ya faɗa ba, gaskiya ce, kuma ya iya tuƙi. Sai dai akwai bambanci tsakanin tsoho ya ajiye makulli da hannunsa da a taru a tasha a ƙwace masa don ya kurumce. Na kuma gane abin da ya hana shi zuwa wurin makanisiye, wato bakanike. Tambayar farko da za a yi masa ita ce wane irin kuka take yi, kuma yaushe take yin sa. Shekara da shekaru shi ke yi wa mutane wannan tambayar, yanzu ba shi da amsarta.

Washegari da hantsi ina kan keken ɗinki sai inuwar mota ta rufe mini ƙofa. Baba ne ya sauko. Bai taɓa taka shagona ba, na miƙe da sauri har allura ta karye. Ya tsaya bakin ƙofa ya dubi keken ɗinkina ya yi masa magana.

"A ce ma mai keken ga, in ba shi da aikin gaggawa, mota za ta hanyar Buza."

Ba kowa a shagon sai ni da keken. Na rufe ƙofa na bi shi, da rigar wani a ƙarƙashin allura da guntun alli a aljihuna kamar kullum. A lokacin ban san dalilin da ya sa ya zaɓe ni ba, ni da ban san gaba da bayan injin ba. Daga baya na gane. A duk duniya ni kaɗai ne ya tabbata ba zan buɗe baki in ce masa ba ya ji ba, kuma ba zan kai zancen wani wuri ba.

Motar wayam take, na zauna gaba. Muna barin kwalta muka hau jar hanya na ji kukan, ban ma sha wahala ba. Siriri ne, yankakke, daga ƙasa can baya, irin wanda keke ke yi in ya kwana biyu bai ga mai ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ga shi nan." Bai ji ba. Na sake faɗa, bai ji ba. Hanya biyu ce ta rage, ko in ɗaga masa murya ko ya dubi bakina, kuma dukansu ba masu yiwuwa ba ne. Haka muka yi ta tafiya, motar tana cik-cik, ni ina gaya wa gwiwoyina ga shi nan, shi yana kallon hanya. Dariya ta zo mini, haushi ya biyo ta. Manyan mutane biyu masu gemu, al'ada ta ɗaure mana baki a cikin daji inda ko akuya ba ta kallonmu.

Ya tsaya a wani wuri da hanya ta ratsa tsakanin duwatsu biyu. Na taɓa jin ana cewa can yake kai motocin mutane, domin dutsen yana maido da ƙara kamar katanga. Ya daɗe hannunsa a kan bolan, wato sitiyari, sannan ya yi wa gilashin gaba magana.

"Shofer ba shi jin motatai, injin ka cika mai kai. A koma kujerar baya. A aza hannu nan." Ya taɓa kafaɗarsa ta dama. "Abin da kunne yaj ji, hannu shi buga. In ya yi sauri a yi sauri, in ya yi ƙarhi a danna. In kukan dogo na, a ja yatsa."

Na koma baya na ɗora hannu. A iya tunanina ban taɓa taɓa jikinsa ba sai ranar. Ni da nake yini ina auna kafaɗun mutane, nan take na ji cewa telansa yana cutarsa. Rigar ta fi shi faɗi sosai, ƙashi ne kawai a ƙarƙashinta, kuma da ɗumi.

Ya fara da motar a tsaye. Ya taka mai injin ya yi ruri, ya saki, ya sake takawa. Hannuna bai motsa ba. Ya ce to, ba injin ba ne. Ya sa bites, wato giya, ya ja a hankali, kukan ya dawo, na fara bugawa da yatsa biyu. Na ji kafaɗar ta ɗan ƙage, kamar mutumin da aka kira daga nesa. Ya ƙara gudu na ƙara sauri. Da muka zo gangare ya fitar da ita daga bites ya bar ta tana tafiya da nauyinta, injin ya yi ƙasa, amma kukan bai bi injin ba, gudun motar yake bi. Ya gyaɗa kai.

Daga nan sai ya shiga yin aikin kamar yana koyar da wani, duk da gilashi yake gaya wa. Ya murɗa bolan hagu, ya murɗa dama, motar tana tangaɗi a hanya kamar ta bugu. Ya ce rulma, wato ƙwallayen da taya ke juyawa a kansu, in ta lalace tana ƙara kuka a gefen da nauyi ya kwanta mata, ta yi sauƙi a ɗaya gefen. Buguna bai sake ba, ya ce a cire rulma daga zance. Ya ɗan taɓa birki muna tafiya, nan ma bai sake ba, ya ce a cire birki. Da muka kama hawa motar tana ja da ƙarfi kukan ya yi kaifi, na danna masa yatsa. Da ya saki mai kukan ya yi laushi, na sassauta. Ya ce da fon ne, wato tukunyar ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya, da kukan dogo ne kamar na kare, da yatsa zan ja ba bugu ba.

"Rawa kau babu," in ji shi. "Rawar bolan ta gaba ta, rawar kujera ta baya ta. Ni ban ji ko guda ba."

Nan na fahimci cewa ba gardama yake yi wa mutanen tasha ba da ya ce babu komi. Tun da kunnensa ya ja baya yake sauraren motar da tafin hannu da tafin ƙafa da mazauni, kuma duk ba su gaya masa komai ba. Tausayinsa ya kama ni sosai.

Ya tsaya ya tambayi gilashi ko akwai alli. Na ciro nawa na ɗinki. Ya ce a ja farin layi mai kauri a gefen tayar baya ta wajensa. Na ja, na koma mazaunina, shi kuma ya karkatar da madubin gefe ƙasa har yana ganin tayar. Ya ja motar a hankali, mai tafiya da ƙafa ma zai iya wuce mu. Idonsa yana kan allin yana zagayawa, kafaɗarsa tana karɓar buguna. Kafin allin ya zagayo sau ɗaya na buga masa ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ya bari ya zagayo ya sake zagayowa, sannan ya kashe injin.

"Ba taya ba ta. Abin ya hi taya sauri. Kardan na."

Kardan shi ne dogon ƙarfen da ke kwance a ƙarƙashin mota, yana ɗaukar juyi daga wajen injin ya kai wa tayoyi, kuma yana juyawa sau da yawa kafin taya ta juya sau ɗaya. Kat-kat tana da biyu, na gaba da na baya. Baba ya ce na gaba barci yake yi in ba a sa karabo ba, wato sandar da ke haɗa ƙafafun gaba su ma su ja, saboda haka na baya ne. Muka tara duwatsu muka tokare tayoyi, ya shimfiɗa wani tsohon buhu ya shige ƙarƙashi. Ya miƙo hannu waje ya yafuto, na bi shi.

Muka kwanta kafaɗa da kafaɗa a ƙasa mai zafi, ƙarfe yana kusa da hancinmu. A kowane kan kardan akwai wata 'yar mahaɗa mai hannu huɗu da suke kira kurwaziyo, kowane hannu da hularsa, a cikin hular kuma wasu 'yan ƙarafa sirara kamar allurai. Ya kama kardan ɗin ya girgiza, ya murɗa gaba da baya. Bai motsa ba ko kaɗan, har na zaci mun yi kuskure. Sai ya bi hulunan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. A ta wajen fon ya tsaya, ya shafo wani jan gari kamar dakakken barkono ya kawo kusa da idona, ba tare da ya juyo ba. Ya ɗora bayan hannunsa a kai ya janye da sauri, ni ma na taɓa na ji zafi, alhali sauran ɗumi kawai suke da shi.

"Ya bushe, allurai na cin juna," in ji shi. "Bai kai ga saki ba, shi as sa ba ta rawa tukuna. Da an bar shi, wata rana bisa gangaren Keita za shi karewa, da mutane ciki."

Ya faɗi wannan ba tare da ya sake murya ba, amma ya ɗan jima kwance bai motsa ba.

Duk da haka bai yarda ya tafi da zato ba. Ya karɓi allina ya ja layi a kowane kai inda kardan ya haɗu da mazauninsa, ya ce in ba a maida shi yadda aka same shi ba sai ya kawo rawar da babu ita da. Ya ba ni kile ɗaya, wato sifana, na riƙe ta baya, shi yana kwance ƙusoshin ta gaba. Muka zaro kardan ɗin muka jefa shi bayan mota. Ya zagaya ya murɗa makullan da ke tsakiyar tayoyin gaba, ya sa karabo, ya ce yanzu da ƙafafun gaba kaɗai za ta ja. In kukan ya tafi da kardan to shi ne, in ya zauna to akwai sauran aiki.

Na koma baya na ɗora hannu, ya ja. Muka ratsa tsakanin duwatsun, na kasa kunne iyakar iyawata. Injin yana rurinsa, tsakuwa tana bugun ƙarfe, ƙofar baya tana ƙwanƙwasarta ta kullum, amma cik-cik babu shi. Ya ƙara gudu, babu. Ya kama hawa, babu. Murna ta kama ni, na ga aiki ya ƙare, sai na ɗauke hannuna na jingina da kujera.

Ya taka birki nan take har na daki bayan kujerarsa.

"Mi ya hwaru?"

Can ya ce, a hankali, yana kallon hanya:

"Kar a ɗauke hannu. In anka ɗauke, ba ni sanin ko shiru na ko gajiya ta."

Bai taɓa kusantar faɗin abin da ke damunsa kamar wannan ba, ko kafin ranar ko bayanta. Na maida hannuna. Haka muka juyo har Madawa, hannuna a kwance a kafaɗarsa babu abin bugawa. Idona ya cika, na ƙyale shi, tunda ba mai duba fuskata.

Da muka hango gidajen farko ya ɗan ɗaga kafaɗa, na gane na janye. Bai kai ni shago ba. Garejin da ke jikin tasha ya nufa, inda kowa ke zaune a inuwa, ya sauko ya jawo kardan ɗin ya yar a gaban makanisiye.

"Kurwaziyon baya na, na wajen fon. Shina kaihi in tana ja, shina laushi in an saki, kuma ya hi taya sauri."

Ya buga kukan da yatsa biyu a kan murfin injin, daidai yadda na yi ta buga masa, da saurinsa da komai. Makanisiye ya lanƙwasa mahaɗar ya ji ta ƙage, ya ce haka ne. Direbobi suka ce ai da ma sun san sai shi. Shugaban tasha ya tashi ya zo ya duba jan garin. Ni ina can gefe kamar wanda ya zo kallo, na sulale na koma shago. Ran kasuwar Keita aka loda motar a layinta.

Ba a ce mini sannu ba, ban kuma sa rai ba, ko da yake na ɗan ji haushi. Abin da ya fi damuna shi ne kurwaziyo aka gyara ba kunne ba. Ashe shi ma ya san da haka. Daga ranar, duk jajiberin kasuwa sai inuwar mota ta rufe mini ƙofa, a aiko keken ɗinki ya gaya mini mota za ta hanyar Buza. Mu je tsakanin duwatsu mu dawo. Yawancin ranaku ban buga komai ba. Sau ɗaya na ja masa yatsa, ya ce fon yana son mai, aka zuba.

Ya yi tuƙi har aka cire amfanin gona. Wata safiya kuma, ba tare da kowa ya ce masa komai ba, ya kira ƙanena a tsakiyar tasha ya miƙa masa makulli a gaban mutane, ya ce gwiwarsa ta gaji da hawan Keita. Aka yi ta sa masa albarka, ba wanda ya ambaci kunne. Ƙanena ne ya ba ni labari daga baya, ya ce abu ɗaya ne bai gane ba, wai Baba ya ce masa in ta yi kukan da ya rasa kansa ya kai ta wurin mutumen Galma.

A wannan ranar da yamma na ga Baba ya tsaya a ƙofar shagona. Da ƙafa ya zo, shi ya sa ban ji zuwansa ba. Ya ajiye farin yadi a kan teburin yanka ya dubi keken.

"A ce ma mai keken ga shi ɗinka riga."

Na ɗauko igiyar awo daga wuyana. Ya girgiza kai, ya riga ya juya zai fita.

"Ba sai an auna ba. Hannu ya sani."

Na yanka ban auna ba. Ran Juma'a na hango shi a sahun gaba sanye da ita, ta zauna masa daidai a kafaɗa.